Murjani Mai Siffar Ƙwaƙwalwa: Kada Suna Ya Ruɗe Mu

Maudu'inmu na wannan mako daga ƙarƙashin teku ya fito, amma a kan harshenmu zai sauka.

A tekunan ƙasashe masu zafi akwai wata halitta dunƙulalliya kamar an kife ƙwarya, jikinta duk tudu da kwari masu lanƙwasa. Duk wanda ya taɓa fasa kan rago bayan Layya ya ciro ƙwaƙwalwa, yana ganin hotonta zai gane kamar. Turawa sun haɗa kalmomi biyu sun raɗa mata suna: kalmarsu ta ƙwaƙwalwa da kalmarsu ta murjani. Ra'ayinmu shi ne, in muka ɗauko kalmomin nan muka jera su da Hausa ba tare da lura ba, kowacce a cikinsu za ta kai mai karatu inda ba can aka nufa ba.

Mu fara da murjani. Mun aro kalmar daga Larabci, kuma ta zo sau biyu a Suratur Rahman, a aya ta 22 da ta 58. Muna girmama ta har muna sa wa 'ya'yanmu mata suna Murjanatu. Amma a kunnen Bahaushe, murjani jan dutsen ado ne da ake shiryawa a zare, a sa a wuya ko a hannu, kakanninmu mata su adana shi a matsayin dukiya. Wancan jan murjanin daga Bahar Rum ake ciro shi, a gaɓar Tunisiya da Aljeriya da Italiya, fatake kuma suka riƙa ƙetaro Sahara da shi ta Tarabulus da Gadamas. Ya iso mana ne bayan an sare shi, an goge, an huda. Ba mu taɓa ganin sa da rai ba, shi ya sa muka jera shi cikin duwatsu.

Alhali murjani dabba ne. Su kansu masanan Turai sun daɗe suna ɗaukar sa tsiro, har a shekarun 1720 wani likita Bafaranshe mai suna Peyssonnel ya nuna cewa abin da ake kira furanninsa ƙananan dabbobi ne, kuma da farko manyan masanan Faris ba su yarda da shi ba. Kowace ɗaya 'yar halitta ce mai laushi, da baki a tsakiya da 'yan hannuwa a kewaye. Dubbansu ke zama wuri guda, suna fitar da sinadarin alli irin na ɓawon ƙwai, suna gina wa kansu mazauni mai tauri. Ginin shi ne dutsen da muke gani, rai kuma yana shimfiɗe a samansa kamar fata. Jan murjanin ado da wannan dunƙulallen dangi ne, amma jinsinsu daban: wancan reshe-reshe yake fitarwa a wurare masu duhu, wannan kuwa hasken rana yake so a ruwa marar zurfi.

Sai ƙwaƙwalwa, inda tarkon ya fi girma. A Hausa kalmar tana ɗauke da kaya biyu. Akwai naman da ke cikin ƙoƙon kai, wanda mahauci ya sani. Akwai kuma basira: in aka ce yaro yana da ƙwaƙwalwa, ba wanda ke tunanin nama. Da wannan ma'ana ta biyu muka kira kwamfuta na'ura mai ƙwaƙwalwa. To, in mai fassara ya rubuta "murjani mai ƙwaƙwalwa", me ɗalibi zai fahimta? Zai ɗauka akwai wani dutse a teku mai tunani da lissafi. Gaskiyar kuwa ita ce halittar ba ta da ƙwaƙwalwa ko kaɗan. Abin da take da shi jijiyoyi ne a baje kamar raga, waɗanda ke sa ta noƙe in an taɓa ta. "Murjanin ƙwaƙwalwa" ma bai tsira ba, domin yana kama da sunan magani ko na cuta, kuma mun san kasuwarmu: ba a rasa mai niƙa farin dutse ya ce yana ƙara hadda.

Shawararmu ita ce a ce "murjani mai siffar ƙwaƙwalwa". Kalmar siffa ta rufe ƙofar ruɗani, ta gaya wa mai karatu cewa kama ce kawai, kuma kama da wane ba wane ba ce.

Wani zai ce sunan ya yi tsawo, ai Hausa ta saba da aron sassan jiki: bakin rijiya, wuyan riga, hannun agogo, harshen wuta, ba wanda ya taɓa zaton rijiya na cin tuwo. Haka ne. Amma rijiya kowa ya san ta tun yana yaro, idonsa na gyara masa abin da kunnensa ya ji. Yaron Gusau ko na Maraɗi da bai taɓa ganin teku ba, sunan shi ne dukan abin da ke hannunsa. Wani kuma zai ce a bar sunan Turanci yadda yake. Wannan ya fi sauƙi ga malami, amma ɗalibi zai haddace sauti ne ya tafi gida hannu wofi.

Abin ya wuce gardamar kalmomi, domin halittar na cikin hatsari, kuma labarinta na zuwa mana ta rediyo da wayoyinmu. A cikin naman murjani akwai ƙananan tsirrai dangin gansakuka, su ke samar masa da mafi yawan abincinsa ta hasken rana, su ke ba shi launi. In zafin ruwa ya haura abin da aka saba da shi da digiri ɗaya kacal na tsawon makonni, sai ya kore su, ya koma fari fat, in abin ya daɗe ya mutu da yunwa. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta sanar da cewa duniya ta shiga karo na huɗu na irin wannan annoba. Tun 2014 kuma wata cuta mai cinye naman murjani ta ɓulla a gaɓar Fulorida ta bazu cikin tekun Karibiyan, kuma masu siffar ƙwaƙwalwa na cikin waɗanda ta fi kamawa. Halitta ce da ba ta ƙara fiye da 'yan milimita a shekara. Akwai guda a gefen tsibirin Tobago mai tsayin kusan mita 3 da faɗin kusan mita 5, aikin ɗaruruwan shekaru. Wanda ya ɗauki murjani a matsayin dutse, in ya ji an ce ya mutu, dariya zai yi. Wanda ya san dabba ne da kifaye ke fakewa a jikinsa, masunta na ci daga gare shi, yana kuma karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta kai gaɓa, zai gane girman asarar.

Kada kuma mu ce abin ya yi mana nisa. Irinsa na nan a Bahar Maliya. Kakanninmu da suka tafi Hajji a ƙafa ta Sudan sun ratsa Sawakin, garin da aka gina da dutsen murjani, kuma tsofaffin gidajen Jidda da alhazanmu ke wucewa ta gabansu da shi aka gina da yawansu.

Saboda haka muna kira ga malaman kimiyya, masu fassara labarai da marubuta littattafan yara: a faɗaɗa ma'anar murjani ta haɗa da mai rai, a kuma yi hattara da "mai ƙwaƙwalwa". Wanda ke da sunan da ya fi namu gajarta ba tare da ya ɓatar da ɗalibi ba, ya kawo, za mu karɓa hannu biyu. Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani.