TASHE BA BARA BA NE

Yara, kun san watan azumi kashi uku ne: goma ta marmari, goma ta wuya, da goma ta ɗokin salla. To, da goman farko ta wuce sai a fara tashe. A Tafashiya da Kankiya da Kusada, bayan an sha ruwa an yi asham, sai ka ji gari ya ɗauka da kiɗan gwangwani. An ce sunan ya fito daga tashi, watau ta da mutane don su yi sahur.

Mai tashe ba ya fita da kamanninsa. Wani ya liƙa gemun auduga, ya sa tsumma, ya dogara sanda, ya zama Tsoho da Gemu. Wani ya rataya saiwoyi da layu, ya zama Jatau Mai Magani. Wani ya hau dokin kara. 'Yan mata kuwa su yi Mairama da Daudu, suna kwaikwayon zaman aure. Wanda ya shafe fuska da toka da gawayi, ko uwarsa sai ta duba sau biyu kafin ta gane shi.

Waɗansu iyaye suna cewa tashe ɓata lokaci ne, kuma ƙofar bara ce. Ba su rasa dalili ba. Yau akwai yaran da ba su ɗaura gemu, ba su koyi wasa, sai su buga gwangwani sau biyu su miƙa hannu. Akwai kuma 'yan iska da ke fakewa da tashe su yi ƙwace, har a 2024 'yan sanda suka hana shi a Kano. Amma ni a ganina, ba a sare itace don reshe ɗaya ya bushe.

Tashe makaranta ce. Mai kwaikwayon tsoho yana tuna mana tausayin tsofaffi. Mai kwaikwayon Jatau yana nuna ganyaye da saiwoyin ƙasarmu. Cikin raha a kan faɗa wa marowaci da malalaci gaskiya, su yi dariya, su kuma gyara. Abin da maigida ya bayar, hatsi ko kuɗi, tukuicin wasa ne. Wanda bai yi wasa ba, me za a ba shi tukuici a kai?

Ku dubi waɗansu mutane. Can kusa da Amurka akwai tsibiran Bahamas, inda jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka su ke zaune. Suna da wasa mai suna Jankanu, ran 26 ga Disamba da ran 1 ga Janairu. Su kan rufe fuska, su sa tufafin kwali da takarda mai launi, su fito da ganguna na fatar akuya. Watanni su ke yi suna shirin tufafin nan da hannunsu. Ba su raina abin kakanninsu ba, har a 2023 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun da duniya za ta kiyaye. Mu da ba mu ƙetare teku ba, ashe ba kunya ba ce namu ya mutu a hannunmu?

Saboda haka, in azumi ya zo, ku je wurin kakanninku su koya muku wasannin da ma'anarsu. Ku yi kayanku da kanku. Ku nemi iznin iyaye, ku tsaya cikin unguwarku, ku koma gida da wuri. Ku yi sallama kafin ku shiga gida. Kada ku yi wa nakasasshe ko baƙo ba'a. In an ba ku, ku gode. In ba a ba ku ba, ku yi addu'a ku wuce. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.