"Ƙwai Ya Kama" Ba Gwajin Wuta Ba Ne: Jan Kunne Ga 'Yan Kasuwar Wuse Da Masu Gidajen Haya



Kwanakin baya ina zaune a shagon wani maƙwabcina a kasuwar Wuse, sai aka kira masa mai gyaran wuta don ya ƙara masa soket biyu, saboda ya sayo firij da hita. Yaron ya zo da filaya da tasta da baƙin tef a aljihu, kayan aikinsa ke nan gaba ɗaya. Ya jawo waya daga wurin ƙwan shagon, ya murɗa, ya naɗe da tef, ya soka tasta ta yi ja, ya kunna ƙwai ya kama. Ya ce, "Alhaji, aiki ya yi." Na ce masa, "Malam, ba za ka auna ba?" Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yallaɓai, ba ga wuta nan kana gani ba?" Alhaji ya biya shi, har da sa albarka.

Ba a rufa wata guda ba, wata safiya yaran shago suka buɗe ƙofa suka ji warin roba. Bayan kantar da aka jera atamfofi, wayar ta narke ta manne da katako, katakon ya yi baƙi ƙirin. Allah ne ya tsare aka ɗauke wuta cikin dare. Da ba haka ba, da jaje muke yi wa layin nan gaba ɗaya, kuma da kowa ya ce "wutar NEPA ce."

Wannan magana ta "wutar NEPA ce" ita nake so mu yi wa tsirara yau. Mun mayar da ita bargon da muke lulluɓe sakacinmu. Mu da kanmu muke sayen waya mafi araha, mu kira wanda kuɗinsa ya fi sauƙi, mu hana shi lokacin aunawa, sannan idan abu ya faru mu ɗora wa wanda ba ya nan.

Ba mu rasa darasi ba. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano. A watan Janairu na 2021 babbar kasuwar Sakkwato ta kama, bayan wata biyu, cikin Maris, ta Katsina ta biyo baya. Mu ma a nan Wuse mun ga wuta da idonmu ranar 12 ga Maris, 2024. Waccan tarzoma ce ta haddasa ta, ba waya ba, amma duk wanda ya tsaya a wurin ya ga yadda wuta ke tsallakawa daga shago zuwa shago idan ta samu yadi da roba da kwali. Wuta ba ta tambayar wa ya yi wayarin mai kyau a layi. Shago ɗaya mai ruɓaɓɓiyar waya ya isa ya talauta mutum hamsin.

Bari mu fara da tastar nan da ake taƙama da ita. Abu ɗaya tak take faɗa: akwai alamar wuta a wannan ƙarfen. Ba ta faɗin ƙarfin wutar, ko bolt 230 ce da ya kamata, ko 160, ko ta haura 300. Ba ta faɗin ko wayar za ta iya ɗaukar kayan da za a ɗora mata. Ba ta faɗin ko robar da ke jikin wayar ta tsage a cikin bango. Wani lokaci ma takan yi ja a kan wayar da ba a jona ba, don kawai tana kwance kusa da mai wuta. Shi kuma ƙwai zai kama ko da an juya layif da nutural, zai kama ko babu wayar ƙasa, zai kama ko da haɗin yana shirin narkewa. Kamar likita ne ya ga mutum yana numfashi ya ce lafiyarsa ƙalau.

Ga lissafin da mai gyaran maƙwabcina bai yi ba. Waya mai kaurin milimita 1.5 ta ƙwai da fanka ce, kuma abin da take ɗauka lafiya a cikin bututu bai wuce wajen amfiya 15 ba, a zafin Abuja ma ya gaza haka. Soket yana buƙatar mai 2.5, esi babba da kuka na lantarki suna buƙatar 4 ko 6. Hita mai wat 3,000 ita kaɗai tana jan amfiya 13. Ƙara dutsen guga mai wat 2,000, amfiya kusan 9 ke nan. Ƙara firij. An wuce ƙarfin wayar tuntuni. Kuma zafin waya ba ya tafiya daidai da nauyin da aka ɗora mata: idan wutar da ke bi ta ninka biyu, zafin ninkawa huɗu yake yi.

Wani zai ce ai akwai bireka. To wace bireka? Aikin bireka shi ne ta yanke wuta kafin waya ta ƙone, don haka dole girmanta ya dace da kaurin wayar. Amma me muke yi idan ta dame mu da faɗuwa? Sai mu ce wa mai gyara ya sa "babba." Ya cire mai amfiya 10 ya sa mai 32 a kan siririyar waya. Daga ranar bireka ta daina faɗuwa, waya ta koma ita ce fis. Wasu ma idan fis ya ƙone, guntun waya suke cusawa a madadinsa. Birekar da ke faɗuwa ba lalacewa ta yi ba, ihu take yi maka cewa akwai matsala. Kai kuma ka toshe mata baki ka koma barci.

To mene ne gwaji na gaskiya? Ba wani sirri ba ne, kuma duk wanda ya koyi aikin a makarantar koyon sana'a ko a hannun ƙwararre ya san shi.

Na farko, a kashe wuta a auna da maltimita a tabbatar kowace waya ta isa inda aka nufa ba yankewa, musamman wayar ƙasa, wadda masu sana'ar ke kira at. Ita ce ke kwashe wuta zuwa ƙasa idan ta taɓa jikin firij ko injin. A gidaje da yawa za ka ga soket mai rami uku, amma ka kwance shi ka tarar waya biyu ce a ciki.

Na biyu, a cire duk kayan wuta a auna lafiyar robar wayoyin da na'urar da ake kira mega. Tana tura bolt 500 cikin wayar, kuma idan sakamakon ya gaza megaom 1, akwai inda wuta ke zurarewa, ko ɓera ya ci, ko ƙusa ta huda, ko ruwa ya shiga. Wannan gwajin ne ke gano ciwon da ke cikin bango tun bai zama hayaƙi ba.

Na uku, a tabbatar makunni yana kan layif ne, ba kan nutural ba. Idan aka juya, za ka kashe ƙwai ya mutu, amma wuta tana nan a mazauninsa tana jiran wanda zai hau kujera ya canza shi.

Na huɗu, a auna ƙarfen da aka binne a ƙasa, a ga ko yana aiki. Guntun rodin gini da aka soka a busasshiyar ƙasa lokacin hunturu ado ne kawai.

Na biyar, a sa na'urar da ke yanke wuta idan ta fara bi ta jikin mutum, wadda ake kira RCD, mai miliamfiya 30, a kuma gwada ta. Bireka ta yau da kullum waya take karewa, ba ɗan Adam ba. Wutar da za ta tsayar da zuciyar yaro ba ta kai ko kusa da abin da zai kayar da bireka ba. RCD kuwa tana yankewa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, kuma tana da maɓallin gwaji a jikinta da kowa zai iya dannawa.

Na shida, a kunna duk kayan da aka saba kunnawa, a maƙala mitar auna amfiya a ga nauyin da kowane layi ke ɗauka, a bi kowane haɗi a ɗaure. Haɗin da ya yi sako-sako shi ne makashin shaguna, domin yana zafi a hankali ba tare da bireka ta ji komai ba. Soket da ya yi baƙi, ƙwai mai ƙyaftawa, ƙarar tsit-tsit a cikin akwatin wuta, duk saƙo ne.

Na san amsoshin da za a ba ni, don na sha jin su a majalisa.

Za a ce laifin kamfanin rarraba wuta ne, su ne ke kawo ta da ƙarfi. Gaskiya ne hakan na faruwa. Idan nutural ya yanke a layi mai fes uku, wutar da ke shiga wani shago tana iya dosar bolt 400, ta ƙona duk abin da ta tarar a jone. Haƙƙin AEDC ne ta kula da taransifoma da layukanta, kuma ya kamata mu riƙa kai ƙara a rubuce, mu bi ta har hukumar NERC idan ba a saurare mu ba. Amma daga mita zuwa ciki, naka ne. Akwai 'yar na'urar da ake sawa a akwatin wuta mai yankewa idan ƙarfin ya haura ko ya faɗi, kuɗinta bai kai na turmin shadda mai kyau ba. Su kuma masu jona janareta kai tsaye cikin soket ba tare da canjoba ba, su sani wutarsu tana komawa kan layi, taransifoma ta ɗaga ta zuwa dubban bolt, ta kashe ma'aikacin da ya hau fal yana ganin an kashe wuta. Yanzu ga sola da inbata sun shigo, shago ɗaya hanyar wuta uku, kowacce mutum daban ne ya haɗa ta, babu wanda ya san abin da ɗan uwansa ya yi.

Za a ce tsada. Mutumin da ke da kayan miliyoyi a shago, ya sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo uku, yana biyan kuɗin maigadi kowane wata, shi ne zai tsaya yana ciniki a kan kuɗin awo na yini ɗaya. Ɓarawo yana ɗaukar abin da zai iya ɗauka ne ya bar saura. Wuta ba ta barin ko allura. Haka wajen sayen waya: kasuwa cike take da jabu, wata alminiyam ce aka shafa wa ruwan tagulla, wata ƙarfe ce, wata an rubuta 2.5 amma cikinta bai kai ba. Kankare bakinta da wuƙa, idan ta yi fari ba tagulla ba ce. Kusanta mata mayen ƙarfe, idan ya kama ta ka ajiye musu abinsu. Araha ba ta ado.

Za a ce ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Babu mai jayayya da ƙaddara. Amma ban taɓa ganin wanda ya bar shagonsa a buɗe ya tafi gida ya ce in an ƙaddara sata za a yi ba. Me ya sa tawakkalinmu bai tashi motsawa sai an zo maganar waya? Kuma wanda sakacinsa ya ƙona dukiyar maƙwabci, da ta marayun da aka ba wani amana yana juyawa, ya yi tunanin amsar da zai bayar.

Za a ce ina ci wa yaranmu masu gyaran wuta mutunci. Akasin haka nake yi. Mu ne muka lalata sana'ar. Wanda ya sayi mega da maltimita, ya ce aikin zai ɗauki kwana biyu, muna ce masa mai tsada, mu kira mai tasta. Ku je Banex a Wuse 2 ku ga masu gyaran wayar hannu da kwamfuta: ba mai taɓa allon waya sai ya ɗora mita ya auna ya gano inda ciwon yake. Mun yarda a auna wayar hannu kafin a gyara, amma ginin da 'ya'yanmu ke kwana a ciki a yi masa da ka.

Kuma doka tana nan. Tun 2015 aka kafa hukumar NEMSA, wadda aikinta ya haɗa da duba wayarin da gwada shi kafin a jona wuta, da ba masu aikin takardar shaidar ƙwarewa. Hedikwatarta a nan Wuse 2 take, ba a wata uwa duniya ba. Mu nawa ne muka taɓa tambayar mai gyara takardarsa? A Ingila, tun 2020 doka ta tilasta wa masu gidajen haya su sa a duba wayarin aƙalla sau ɗaya duk shekara biyar, su ba ɗan haya rahoton. Su ma sun ɗanɗana: gobarar benen Grenfell a Landan a 2017, da ta kashe mutum 72, daga firij ta tashi a ɗaki guda. A nan kuwa mai gida zai karɓi kuɗin shekara cur, wayar da aka sa tun ana gina unguwar tana nan, an ɗora mata esi uku.

Don haka ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu, da girmamawa, a sa wannan batu a ajandar taro mai zuwa. A nemo masu gyara biyu ko uku masu takardar NEMSA da kayan awo, a yi ciniki da su a dunƙule don kuɗin ya sauko, a bi shagunan 'yan ƙungiya layi-layi kafin hunturu ya kankama. Kowane shago a ba shi takarda mai ɗauke da alƙaluman da aka auna da kwanan wata, a manna a jikin akwatin wuta. A kafa ƙa'ida cewa mai rufe shago na ƙarshe ya kashe babban makunni, domin wutar da ta dawo tsakar dare ta tarar da hita a kunne ba ta da mai tsawata mata. A kuma tara wani abu a tura matasanmu masu wannan sana'a su ƙaro ilimi, a taimaka musu da kayan awo ko da bashi ne.

Kai kuma ɗan uwa, kada ka jira ƙungiya. Gobe da safe ka sa hannu ka taɓa soket ɗin da hita ko esi ke jone bayan ya yi awa ɗaya yana aiki. Idan ka ji zafi, kashe shi ka kira mai gyara. Idan ya zo da tasta kaɗai, ka ba shi kuɗin mota ya koma ya ɗauko mita.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu da dukiyoyinmu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri. Amin.