Raddi Ga Mai Cewa Gini Ɗaya Ya Ishi Kowace Waya

Wani ɗan'uwa mai rubuta manhaja yana yaɗa cewa gina manhaja domin ƙwaƙwalwar na'ura iri-iri ɓata lokaci ne, wai na bit 64 kaɗai ya wadatar. Ga hujjojinsa, ga amsarsu.

Na farko, ya ce abin da ya yi aiki a kwamfutarsa zai yi a waya. Ba haka ba ne. Kwamfutar Intel ko AMD umarnin x86-64 take ji, su kuwa Tecno, Itel da Infinix da ke hannun manoman Agiye da Gazawa ƙwaƙwalwar ARM gare su. Shi ya sa ake zama a kan kwamfuta a sa Clang na cikin Android NDK ya fitar da umarnin da waya ke fahimta.

Na biyu, ya ce Kotlin da Java sun ɗauke mana wannan wahala. Rabin gaskiya ce. Android na fassara su da kanta, amma duk sashen da aka rubuta da C ko C++, kamar injin Flutter, sai an gina wa kowace ƙwaƙwalwa nata daban.

Na uku, ya ce tun watan Agustan 2019 Google ya wajabta bit 64. Malam, dokar ta ce a ƙara na 64 ne, ba ta ce a jefar da na 32 ba. Ƙananan wayoyin Android Go da yawa tsarin bit 32 ke kansu, ko da ƙwaƙwalwarsu ta iya 64. Wanda ya bar armeabi-v7a, wato ginin bit 32, ya kulle wa talaka ƙofa.

Na huɗu, ya ce Play Store zai zaɓar wa kowa nasa. Wannan sai mai kuɗin intanet. A rumfar mai cajin waya a Gidan Rumji, da Xender ake tura manhaja daga waya zuwa waya. Idan ginin arm64-v8a, wato na bit 64, kaɗai ne a ciki, tsohuwar waya sai ta ƙi karɓa, mai ita ya zaci wayarsa ce ta lalace.

Don haka, ya ku ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da sauran masu wannan sana'a, ku gina na 32 da na 64, ku haɗa su cikin APK guda, ku gwada a kan Itel mafi araha kafin ku saki. Allah Ya sa mu dace.