Cin wasa 106 bai isa ba?

Iyayenmu da samari, tunda Baseball United ta kawo wasan besbol Dubai a 2023, mu 'yan zongo na Al Muraqqabat muka fara leƙa gasar Amurka. Tsarinta bai kwanta mana ba.

A 2021 Dodgers ta ci wasa 106, amma Giants da suke rukuni ɗaya ta ci 107. Sai aka tura Dodgers wasa ɗaya tak, wanda ya faɗi ya koma gida. Atlanta kuwa da 88 ta wuce kai tsaye saboda rukuninta ba ƙarfi, har ta ɗauki kofin. An sassauta a 2022, amma har yanzu jagoran rukuni ke gaba.

Shi ya sa muke roƙon dattawan kwamiti: a gasar ƙwallonmu ta bayan Sallah, a jera ƙungiyoyi bisa maki.