Baƙin Ciki da Ƙwayoyin Hanji

Ɗalibi ya lura: Bahaushe a ciki ya ajiye damuwa da murna, shi ya sa yake cewa baƙin ciki, farin ciki. Yanzu masana na binciken alaƙar hanji da ƙwaƙwalwa, har suna gwada ko sinadarin kurkum zai sassauta ciwon damuwa ta hanyar sauya ƙwayoyin bakteriyar hanji. Sai dai galibin hujjar daga ɓeraye ta fito, ɓera kuwa bai san gudun hijira ba. A Kokoro, cikin unguwar Kilomita Biyar ta Bangui, inda jama'a suka sha tashin hankalin 2014, bai dace mai magani ya tallata kurkum da sunan waraka ba. Wanda barci ya ƙaurace masa makonni, likita yake bukata.