Karatun da Muke Rainawa, Shi Muke Nema Ranar Ambaliya

'Yan uwa, a unguwanninmu na Sabo a Ibadan, da Agege da Mile 12 a Legas, idan yaro ya ce zai karanta likitanci ko aikin injiniya ko lauya, kowa sai ya sa masa albarka. Amma a ce ga wani ya yi digirin farko a tarihi, ya ƙara da ilimin halayyar ɗan Adam, sannan ya je ya yi digiri na biyu kan kula da bala'o'i, tambayar farko da za a yi ita ce: to shi wannan a ina zai ci abinci? Wasu ma cewa za su yi ya rasa abin kamawa ne, yana ta tsalle daga wannan fanni zuwa wancan. Mu kuwa a ganinmu irin wannan mutum ne al'ummarmu ta fi ƙarancinsa, kuma rashinsa yana jawo mana asarar rai da dukiya.

A duba abin da ya faru a Maiduguri a watan Satumba na 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin dare, ruwa ya mamaye babban ɓangare na birnin. Ba wannan ne karo na farko ba. A 1994 ma ruwan Alau ya ci garin, kuma akwai dattawa da dama da suka ga wancan da idonsu, sun san unguwannin da ruwa ya fara shiga da hanyar da ya bi. Wannan ilimi ne, sai dai yana cikin kawunan tsofaffi. Wanda ya iya zama da su, ya yi tambaya, ya rubuta, ya haɗa da taswira, aikin masanin tarihi yake yi, ko da sunan ofishinsa agajin gaggawa ne. A Mokwa ta Jihar Neja kuwa, ambaliyar ƙarshen watan Mayu na 2025 ta kashe mutum fiye da 150, kuma Unguwar Hausawa na cikin wuraren da abin ya fi muni. Wannan ba labarin wasu ba ne can nesa.

Ba gargaɗi aka rasa a ƙasar nan ba. Kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA mai lura da koguna tana bayyana jihohi da ƙananan hukumomin da ruwa zai iya ci, hukumar NEMA kuma tana ta kira a tashi daga bakin kogi. Duk da haka a 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, ta toshe hanyar Lokoja, motocin kayan gwari da na shanu suka yi kwanaki a tsaye, kaya suka lalace. Me ya sa mutum zai ji gargaɗi ya ƙi tashi? Mai sayar da albasa da ya ci bashi ya cika rumfarsa ba zai tafi ya bar ta ba saboda an karanta sanarwa da Turanci a rediyo. Tsohuwar da aka taɓa cewa ta tashi, ta tashi, ruwa bai zo ba, ta dawo ta tarar an yashe mata ɗaki, ba za ta sake yarda ba. Injiniya zai iya auna tsayin ruwa daidai, amma sanin yadda tsoro da bashi da rashin yarda suke juya tunanin mutum, da sanin bakin wa za a saurara, na Sarkin Hausawa ne ko na liman ko na shugaban kasuwa, wannan wani karatu ne daban.

Duniya ta koyi wannan darasi da tsada a lokacin cutar Ebola a 2014. A ƙasashen Gini da Saliyo da Laberiya ma'aikatan lafiya suna zuwa cikin fararen kaya su ɗauke gawa a leda, dangi ba su yi wanka ba, ba su yi sallama ba. Sai mutane suka koma ɓoye marasa lafiya suna binne mamata a asirce, cutar ta ƙara bazuwa. A wani ƙauye mai suna Womey a Gini har an kashe mutum takwas daga cikin tawagar da ta je wayar da kai. Da aka saurari masu nazarin al'adu da malaman addini, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabon tsarin jana'iza a ƙarshen shekarar, wanda ya bai wa dangi damar halarta da yin addu'a, ya kuma tanadi taimama da likkafani ga Musulmi ba tare da an taɓa gawa da hannu tsirara ba. Ƙwayar cutar ba ta canza ba, yadda ake magana da mutane ne ya canza.

Sai kuma abin da ke biyo baya, wanda mu muka fi sakaci da shi. Idan kasuwa ta ƙone, ko rikici ya tashi kamar na Shasha a Ibadan a watan Fabrairu na 2021, mun iya tara kuɗi, mun iya kai buhunan shinkafa da tabarmi, kuma Allah Ya saka wa masu yi. Bayan wata uku fa? Magidancin da ba ya iya barci, yaron da ke firgita in ya ji ƙarar babur, matar da ta daina magana, duk sai mu ce a yi haƙuri, ko mu ce iska ce. Haƙuri da addu'a suna da gurbinsu, ba mai musun wannan, amma ciwon da firgici ke barin mutum da shi yana da masana kamar yadda karaya take da masu ɗori. Kuma ba sai an raba mutum da al'adarsa ba kafin a yi masa magani. Tun a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna haka a Aro, kusa da Abeokuta: ya sauke masu taɓin hankali a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowanne tare da ɗan uwansa, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Mu da ke zaune a Kudu, ga asibitin Aro ga na Yaba kusa da mu, amma ɗan kasuwar da Hausa kawai yake ji, wa zai faɗa wa abin da ke damunsa? Irin wannan ciwo ba ya bin bakin tafinta yadda ya kamata.

Maganar abinci da iyaye ke yi ba wasa ba ce, kuma ba za mu ce aiki yana jiran kowa a bakin ƙofa ba. Sai dai akwai NEMA da takwarorinta na jihohi, akwai Red Cross, akwai ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Arewa maso Gabas, kuma mai jin Hausa da Yarabanci ko Ibo da Turanci, wanda ya tashi a tsakanin al'ummomi biyu kamar 'ya'yanmu, yana da abin da ba a koyarwa a aji. Karatun ma ba sai an fita waje ba: jami'o'in Ibadan da Fatakwal da Nsukka, da Ahmadu Bello ta Zariya, da ta Maiduguri, da ta fasaha da ke Minna, duk suna da cibiyoyin nazarin bala'o'i masu ba da digiri na gaba da na farko.

Ƙungiyoyinmu da ke da asusun tallafin karatu su ware ko gurbi ɗaya ne a shekara don wannan fanni, a kuma sa 'ya'ya mata a ciki, domin akwai ɗakunan da namiji ba zai shiga ya ji damuwar da ke ciki ba. Wanda aka ɗauki nauyinsa kuma a ɗora masa sharaɗi tun farko: kafin damina ta kama, ya zauna da dattawan unguwa da shugabannin kasuwa, ya rubuta inda ruwa ke taruwa, da gidajen da ke da tsofaffi da marasa lafiya, da wurin da za a kai mutane idan aka ce a tashi cikin dare.