Tafiyar da Ba Ta da Dalili Sai Son Tashi Sama

Tun makon jiya ake ja-in-ja a zangonmu a kan wani matashi mai gyaran waya. Ya wayi gari ranar Asabar, ya yanki tikiti, ya hau jirgin safe daga Ankara zuwa Tamale, ya ci tuwon zafi a can, ya sallaci Azahar, ya hawo jirgin yamma, Isha'i ta riske shi a masallacin unguwa. Ba shi da dangi a Tamale, bai kai kaya ba, bai sari komai ba. Da aka tambaye shi abin da ya kai shi, sai ya ce shi dai jirgin yake so. Maganar ta iso har zauren Sarkin Zango, inda nake riƙe da alƙalami, kuma mafi yawan dattawan da suka tofa albarkacin bakinsu sun kira abin almubazzaranci. Ina girmama su, Allah Ya ƙara musu lafiya, amma a wannan karon ban bi bayansu ba.

Hujjarsu tana da nauyi. Kuɗin zuwa da dawowa a jirgi ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan zango, a unguwar da ake yawo da takardar asibiti ana neman taimako bayan sallar Juma'a. Kuma mu jikokin fatake ne. A wurin kakanninmu tafiya sana'a ce: ana fita don goro, don ilimi, don hajji, don zumunci. Ayari yakan bar Kano da kanwa da tufafi da fatu, ya kwashe watanni bisa hanya kafin ya sauka Salaga, madugu na gaba, ana biyan fito a bakin kowane kogi, ana binne waɗanda kwanansu ya ƙare a gefen turba. Wanda ya gaji irin wannan tarihi, in ya ji an yi tafiyar kilomita ɗari shida an dawo hannu wofi, dole ransa ya sosu.

Sai dai a duba ma'anar kalmar da aka jefi yaron da ita. Almubazzaranci, kamar yadda muka karanta a gaban malamanmu, shi ne zuba dukiya inda ba ta dace ba, ko wuce iyaka har a tauye haƙƙin da ya wajaba. To, an bincika, yaron ba bashi ya ci ba. Mahaifiyarsa ba ta kwana da yunwa ba, kuɗin hayarsa biye yake. Guminsa ne ya tara. Mu kuwa da muke zarginsa, nawa muke kashewa a anko ɗaya na biki, wanda za a sa yini guda a jefa cikin akwati? Nawa ake liƙa wa makaɗa a daren suna? Ban taɓa jin an kawo ƙarar kowa zaure a kan haka ba. Abin da ya bambanta su shi ne, mun saba da wancan jin daɗin, wannan kuwa baƙo ne a gare mu.

Akwai wata mas'ala a fiƙihunmu na Malikiyya da ta dace da wannan wuri, kuma na yi mamaki da ba wanda ya tuna da ita a zauren. A babin sallar matafiyi, Muhtasar na Shehu Halil da masu sharhinsa sun rarrabe matafiya. Wanda ya fita don saɓon Allah, ba shi da rangwamen ƙasaru. Wanda ya fita don wasa da shagala kawai, an karhanta masa yin ƙasarun. Ke nan malaman nan sun san akwai mai fita don nishaɗi tun ƙarnoni da suka wuce, kuma ba su haɗa shi a sahu ɗaya da mai saɓo ba. Iyakar abin da suka ce masa, kada ya nemi sauƙin da aka tanadar wa mai wahala. Wannan hukunci ne mai adalci, kuma ya fi namu sassauci.

Ni ma ban yarda cewa tafiyar wasa ce zalla ba. Wanda ya taɓa zama kusa da taga a wannan hanya ya san abin da nake nufi. Jirgi na ɗagawa, sai teku ta koma baya, rufin kwanon Nima da Mamobi su haɗe su zama kamar faifai ɗaya, unguwar da muke ganin ita ce duniya ta ƙanƙance har tafin hannu ya iya rufe ta. Ba a jima ba sai ga tafkin Volta ya shimfiɗu, da rassansa kamar yatsu, da tsibirai barkatai. Ruwan nan bai kai shekarun wasu dattawanmu ba. Madatsar Akosombo da aka kammala a 1965 ce ta tara shi. A ƙarƙashinsa tsohon garin Kete-Karachi yake, inda 'yan kasuwarmu suka koma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa su, inda kuma Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano, ya zauna yana karantarwa har rasuwarsa a 1934. Daga nan daji ya fara sirancewa, ƙasa ta yi ja, itatuwan kaɗanya su bayyana ɗai-ɗai, ka san ka shigo arewa. Ƙasar Gwanja da kakanninmu suka taka da ƙafa da jakuna, sawu bayan sawu, ga ta nan a ƙasanka cikin abin da bai wuce sa'a guda ba, alhali motar haya ma sai ta ci sa'a goma ko fiye. Wanda ya ga wannan ya yi tasbihi, bai dawo hannu wofi ba, ko da jakarsa babu komai.

Son tashi sama kuma ba cutar zamani ba ce. Abbas ibn Firnas, masanin nan na Ƙurɗuba, tun a ƙarni na tara ya ɗaura wa kansa fukafukai ya gwada, ya sha ciwo wajen sauka. 'Yan'uwan nan biyu na gidan Wright a Amurka, masu gyaran keke ne, kuma tashinsu na farko a 1903 daƙiƙa 12 kacal ya yi. Babu fasinja, babu kaya, babu garin da suka nufa. Da an kawo su zaurenmu a lokacin, na san hukuncin da za a yanke musu. Shekara 22 bayan haka jiragen sojan Ingila suka sauka Kano, a yau kuma alhazanmu na arewa daga Tamale suke tashi kai tsaye zuwa ƙasa mai tsarki, tun 2016, tafiyar da a da ake yin wasiyya kafin a fara ta.

Abin da ya fi damuna shi ne saƙon da muke aika wa yaranmu. Ku je filin jirgi ku duba inda 'yan zango suke: wajen ɗaukar kaya, wajen canjin kuɗi, wajen jiran fasinja da tasi. Sana'o'i ne na halal, ba na raina su. Amma ɗakin matuƙi fa, da hasumiyar masu ba jirgi hanya, da rumfar injiniyoyi? Ba a kai wa can sai da sha'awa, kuma sha'awar tana farawa ne da yaron da ke ɗaga kai duk lokacin da ya ji ƙugin jirgi. In muka kunyata babba don ya bi sha'awarsa da kuɗinsa, ƙaramin da ke saurare a bakin zaure ya gane cewa sama ba tasu ba ce.

Inda zan goyi bayan dattawa shi ne wajen nuni. Wanda ya hau jirgi don ya ɗora hoton tikiti a Facebook ya ƙona zuciyar abokansa, wannan ba jirgi yake so ba, idon mutane yake so, kuma ya fi mai anko asara. Haka wanda zai ci bashi, ko ya bar gida babu cefane. Kada kuma a yi wa tafiyar rigar ƙarya, a ce ziyara ce ko neman kasuwa. In sha'awa ce, a ce sha'awa ce.

Wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa yana kuma da niyya, ya guji watannin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, domin hazo yakan rufe ƙasa har a soke tashi, mai niyyar dawowa da yamma ya kwana a Tamale ba shiri. Ƙarshen damina ya fi, lokacin da sama ta wanku, tafkin kuma ya cika. Ya nemi kujerar taga ta hannun dama in za shi arewa, ta nan galibin ruwan yake. Ya sanar da mahaifansa kafin ya fita. In Azahar ta same shi a can, ni dai shawarata ya cika ta raka'a huɗu.